Ons Jabeur: Ɗiyar Da Uwa Ta Ɗora A Hanya, Da Kofin Da Ya Ƙi Zuwa

A wannan wata za mu ɗan yi nisan kiwo, domin za mu tsallaka hamadar Sahara zuwa ƙasar Tunisiya, mu kawo miki tarihin wata baiwar Allah da duniya ta sani ta hanyar wasan ƙwallon tanis. Na san wata za ta ce, to ina ruwan matar aure da ke Ruwan Gizo ko Bakura ko Maradun da tanis, wasan da ko a talabijin ba kasafai muke tsayawa kallonsa ba? Ki yi haƙuri ki biyo ni, 'yar uwa. Labari ne na uwa da ɗiyarta, na mata da mijinta, kuma na macen da ta tara kuɗi da suna amma ta yi shekaru tana ɗokin ranar da za ta goya ɗanta.

Ranar da ta yi kuka a gaban duniya

Ranar Asabar, 15 ga Yulin 2023, a babban filin wasa na Wimbledon da ke birnin Landan, kusan mutum 15,000 suka zuba ido suna kallon wata Balarabiya 'yar Afirka mai shekara 28 tana zubar da hawaye kamar ƙaramar yarinya. Ta sha kaye ke nan a wasan ƙarshe a hannun Marketa Vondrousova ta Jamhuriyar Cek. Gimbiya Kate, matar yarima mai jiran gadon sarautar Ingila, ita ta miƙa mata kyautar ta biyu, har ta tsaya tana rarrashinta. Kyautar kuwa ta haɗa da kuɗi fam 1,175,000 na Ingila. Duk da haka ta shaida wa jama'a cewa ba ta taɓa shan kayen da ya yi mata ciwo irin wannan ba.

Mutane da yawa sun ɗauka kofi take yi wa kuka. Sai bayan wata shida ta fito ta faɗi ainihin abin da ke cin ta a rai. Kafin mu kai nan, bari mu koma farko.

Uwa ce ta fara

An haifi Ons Jabeur, wadda a bakinmu sunan zai fito Unsu Jabir, ranar 28 ga Agustan 1994 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ƙasar Hilal, ta kuma girma a Susa, birnin da ke bakin teku. Ita ce auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifiyarta Samira tana buga tanis ne don motsa jiki kawai, kuma ita ta damƙa wa yarinyar raket tun tana shekara 3, wato abin nan mai mariƙi da raga kamar rariya da ake buga ƙwallon da shi. Tana shekara 4 aka haɗa ta da wani mai horarwa, Nabil Mlika, wanda ya riƙe ta har ta kai shekara 13. A farko kulob ɗinsu bai da filin kansa, sai dai su je filayen otal-otal ɗin da aka gina don baƙi 'yan yawon buɗe ido su yi atisaye.

Ons ta sha faɗa cewa mahaifiyarta ce ke tuƙa mota ta kai ta duk lungun Tunisiya da ake gasar yara, kuma ita ce ta ƙarfafa mata gwiwar shiga makarantar 'yan wasa. Tana shekara 12 ta bar gida ta koma Tunis, babban birnin ƙasar, ta shiga makarantar wasanni ta El Menzah, inda ake haɗa karatu da horo. Tana shekara 16 ta fara zuwa Beljiyam da Faransa neman ƙarin ƙwarewa. Ki duba fa uwargida, auta ce guda, 'yar lele, a shekarun da ta fi buƙatar uwa a kusa. Iyayen sun kashe kuɗinsu da lokacinsu a kan abin da babu wanda ya ba su tabbacin zai haifar da ɗa mai ido.

A 2010 ta kai wasan ƙarshe na gasar matasa ta Faransa, ta sha kaye. A ƙarshen shekarar aka yi mata tiyata a wuyan hannu, ta yi watanni ba ta wasa. Tana jinya ƙasarta ta rikice da juyin juya halin da ya kori shugaba Ben Ali a Janairun 2011. Amma a watan Yunin wannan shekara ta koma birnin Faris ta cinye kofin matasan. Rabon da wani Balarabe ya ci irin wannan kofi tun 1964, lokacin da Ismail El Shafei na Masar ya ci na samari a Wimbledon.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Domin ki fahimci wahalar da ke cikin wannan sana'a, ga yadda take a taƙaice. Mutum biyu ne ke fuskantar juna a fili mai tsawon kusan mita 24, da raga a tsakiya, kowa na ƙoƙarin buga ƙwallo inda abokin karawarsa ba zai iya maido ta ba. Wasan mata turmi uku ne, kamar na dambe, wadda ta ci biyu ta yi nasara, kuma wasa ɗaya kan kai awa biyu ko uku ana guje-guje a cikin rana. Manyan gasa huɗu ne a shekara: ta Ostireliya a Janairu, ta Faransa a ƙarshen Mayu a kan jar ƙasa, ta Wimbledon a kan ciyawa, sai ta Amurka a ƙarshen Agusta. Mata 128 ke shiga kowace, kuma sai mace ta ci wasa 7 a jere kafin ta ɗaga kofi.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, 'yar wasan tanis ba ta da albashi. Ba kamar ɗan ƙwallon ƙafa ba ne da kulob ke biya ko ya buga ko bai buga ba. Ita ce ke biyan kuɗin jirginta, da masaukinta, da ladan mai horar da ita, daga abin da ta ci a gasa. In aka fitar da ita a zagayen farko na ƙaramar gasa, abin da za ta samu ba lallai ya maido mata kuɗin tafiya ba. In ta ji rauni, kasuwa ta tashi ke nan har sai ta warke. Yanayin ya yi kama da na manomin shinkafa a fadamar Bakolori, wanda zai zuba taki da iri da kuɗin ƙwadago tun kafin ya san abin da gona za ta ba shi.

A cikin irin wannan hali Ons ta yi shekara 6 bayan kofin matasa tana faɗi-tashi a ƙananan gasa, ba ta shiga sahun mata 100 na farko a duniya ba sai a 2017. Waɗanda ta doke ko suka doke ta a yarinta sun riga ta yin gaba. Monica Puig, wadda Ons ta kayar a wasan ƙarshe na 2011, har zinariyar Olamfik ta ci a 2016, alhali ita tana nan ana ganin kamar tauraruwarta ta dusashe.

Miji abokin tafiya

A cikin waɗannan shekaru na jira ne ta yi aure. A Nuwamban 2015, tana shekara 21, ta auri Karim Kamoun, tsohon ɗan wasan takobi. A 2017 ya zama shi ne mai kula da horon ƙarfin jikinta, yana bin ta duk ƙasar da za ta. A 2020 kuma ta ɗauki wani ɗan ƙasarta, Issam Jellali, a matsayin babban mai horarwa, alhali 'yan wasa da yawa Turawa suke nema.

Daga nan al'amura suka fara buɗewa. A 2018 ta kai wasan ƙarshe a Mosko. A Janairun 2020 ta shiga sahun mata takwas na ƙarshe a Ostireliya, abin da wata Balarabiya ba ta taɓa yi ba a babbar gasa. A Yunin 2021 ta ci kofin Birmingham a Ingila, kofinta na farko a rukunin manya, shekara 10 cif bayan na matasa. A Oktoban shekarar ta shiga goman farko na duniya, matsayin da babu Balaraben da ya taɓa takawa, mace ko namiji. A Mayun 2022 ta ci babban kofin Madrid a Sifen, ta ƙara da na Barlin a Jamus, kuma a ƙarshen Yuni ta zama ta biyu a duniya baki ɗaya. A watan ne ma Serena Williams ta Amurka ta zaɓe ta su yi wasan bibbiyu tare.

Salon wasanta ya sa 'yan kallo suka so ta. Yayin da wasu ke dogaro da ƙarfin bugu, ita ta shahara da dabara, sai abokiyar karawa ta ja da baya tana jiran ƙwallo mai ƙarfi, sai ta ɗan sakar mata ita dab da raga. Ga fara'a da barkwanci, har mutanen Tunisiya suka laƙaba mata suna Ministar Farin Ciki.

Sau uku tana zuwa bakin rijiya

A Yulin 2022 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon, inda ta haɗu da aminiyarta Tatjana Maria ta Jamus, uwar 'ya'ya biyu, wadda ba ta fi shekara ɗaya da 'yan watanni da haihuwa ba. Da Ons ta yi nasara, sai ta kamo hannun ƙawar tata ta jawo ta tsakiyar fili, tana nuna wa jama'a su tafa mata. Wasan ƙarshe ya faɗo ranar 9 ga Yuli, ranar Babbar Sallah. Ta ci turmin farko, Larabawa da 'yan Afirka suka fara murna, sai Elena Rybakina ta Kazakistan ta cinye sauran biyun. Bayan wata biyu ta sake kai wasan ƙarshe a Amurka, Iga Swiatek ta Folan ta doke ta. Sai kuma na uku, na 2023, wanda muka buɗe da shi.

A Janairun 2024, cikin wani shirin talabijin da aka yi kan rayuwarta, ta bayyana cewa ita da mijinta sun tsara ne in ta ci kofin Wimbledon na 2023 za ta ajiye wasa ta nemi haihuwa. Da kofin ya kuɓuce, sai ta ji kamar ɗan ma ya tafi tare da shi, kuma ita da maigidan suka yi ta kuka. A lokacin aurensu ya doshi shekara 8.

Uwargida, ke kin san nauyin wannan magana fiye da duk wani mai sharhin wasanni. Ba rashin lafiya ne ya hana ta ba, sana'ar ce ta sa take ta ɗagawa, domin shekarun da jikin mace ke kan ganiyarsa a fagen wasa su ne kuma shekarun haihuwa. In ta tafi goyon ciki, matsayinta zai faɗi, kuɗi su tsaya, kuma babu tabbacin za ta dawo da ƙarfinta. Sai a Maris ɗin 2025 hukumar tanis ta mata ta duniya ta sanar da hutun haihuwa mai biya, har na wata 12, da tallafin asusun zuba jari na Saudiyya. Kafin nan kowace ta yi ta kanta.

Zuciya mai tausayi

A Nuwamban 2023, a gasar ƙarshen shekara da aka yi a Kankun ta ƙasar Meziko, ta ci wasa aka miƙa mata makirfo. Maimakon murna sai hawaye, ta ce nasarar ba ta sa ta farin ciki ba saboda hotunan jarirai da yaran da ke mutuwa a Gaza, ta kuma yi alƙawarin ba Falasɗinawa wani kaso na kuɗin da ta ci. A Fabrairun 2024 Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyarta.

Jiki kuma ya fara gajiya. Ciwon kafaɗa ya sa ta rufe shekarar 2024 tun watan Satumba. A Wimbledon ta 2025 ta kasa ƙarasa wasanta na farko, numfashi na yi mata wuya. A Yulin 2025 ta sanar cewa za ta ja da baya ta huta, domin ta jima ba ta jin daɗin fili. Tana da kofi 5 na rukunin manya a lokacin, babu ko ɗaya daga manyan huɗun nan. A watan Nuwamba na 2025, shekara 10 da aurensu, ita da mijinta suka yi wa duniya albishir cewa tana da juna biyu, ɗa namiji. Abin da ta ɗaura wa sharaɗin kofi, Allah ya kawo shi ba tare da kofin ba. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

To mu fa a nan gida?

Tanis ba baƙo ba ne a Nijeriya. Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Sadiq Abdullahi ya wakilci ƙasar nan a gasar Olamfik ta birnin Seoul a 1988, daga baya ya yi karatu har digirin dakta a fannin ilmi a Amurka. A Kano kuma an daɗe da sanin gasar tanis ta Dala. Sai dai ba na kawo miki wannan tarihi don ki sayo wa ɗiyarki raket ba. Akwai abubuwa huɗu da nake so ki ɗauka.

Na farko, uwa ce ke fara ganin baiwar ɗiyarta. Ke ce ke gida da ita. Ke kika san wadda ta fi kowa saurin hadda a Islamiyya, da wadda ba a cutar ta a canji in ta kai ƙuli-ƙuli kasuwar Mafara ranar Talata, da wadda hannunta ya faɗa a ɗinki ko lalle, da wadda in ƙaninta ya yanke ita ke rugawa ta wanke ciwon ta ɗaure. Ta farkon malama ce, ta biyun 'yar kasuwa ko akanta, ta ƙarshen kuwa wataƙila ita ce ungozoma ko likitar da matan ƙauyenku ke nema ido rufe don kada namiji ya duba su. Samira ba ta san ɗiyarta za ta zama ta biyu a duniya ba. Ta dai ga yarinyar na son abu, ta tsaya mata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, tsayawar tana da tsada, kuma a yankinmu tsadar ta wuce ta kuɗi. Babu uwa a ƙasar Mafara da ta manta da ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe, aka sako su a farkon Maris. Duk uwar da ta ji tsoron makarantar kwana bayan wannan, ba a ga laifinta ba. Amma kada tsoron ya zama dalilin rufe littafin yarinya ɗungurungum. A zauna da maigida a duba makarantar jeka-ka-dawo, ko a ba wata gwaggo ko inna mai amana riƙonta a cikin gari inda ya fi kwanciyar hankali. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talata Mafara, ga jami'ar tarayya a Gusau. Kujerun da ke cikinsu har da na ɗiyarki.

Na uku, maganar sutura da motsa jiki. Gaskiya ɗaya ce, kayan da 'yan wasan tanis ke sawa a gaban dubban maza ba su dace da tarbiyyar da muke ba 'ya'yanmu ba, kuma ba wannan muke yabawa ba. Amma shi motsa jikin kansa addini bai hana mace ba. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) ta tsere masa, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata. Don haka kada ki yi wa yarinya tsawa don tana tsallen igiya ko gaɗa ko guje-guje da ƙawayenta a tsakar gida ko a filin makarantar mata. Ke ma kanki, zagayen tsakar gida da sassafe zai taimake ki wajen yaƙi da hawan jini da ciwon suga.

Na huɗu, shawara tsakanin mata da miji. Ons ta yi aure kafin ta shahara, kuma duk manyan nasarorinta a gidan miji ta same su. Ashe aure ba shi ne ƙarshen baiwar mace ba, in an dace da mijin da ya ɗauki cigaban matarsa nasa ne. In za ki aurar da ɗiyarki tana tsakiyar karatu, a yi maganar ƙarasa karatun tun wajen neman aure, a gaban waliyyai, kada a bar shi sai an tare. Ki kuma koya daga hawayenta: kada ki ce ba za ki yi farin ciki ba sai kin samu abu kaza. Ta ɗaura burinta mafi girma a jikin kofi, da kofin ya faɗi ya tafi da kwanciyar hankalinta har na tsawon lokaci. Ke naki kofin wataƙila ɗa namiji ne, ko kujerar Makka, ko ginin bulo. Ki nema iyakar ƙoƙarinki, ki yi addu'a, amma ki ci gaba da godiya a kan wanda ke hannu.

Kuma idan kin ga wata 'yar uwa ta daɗe a ɗaki ba goyo, ki kama bakinki daga gori da habaici. Ba ki san abin da ita da mijinta ke ciki ba, kamar yadda masu kallo 15,000 ba su san abin da Ons ke yi wa kuka ba a wannan rana.

Yau da daddare, bayan an ci tuwo an kwashe kwanuka, ki kira ɗiyarki ki tambaye ta abin da take so ta zama, ki saurare ta har ta gama ba tare da kin yi mata dariya ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu nema, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.